Makewayin Hajiya da kuɗin adashe

Wasiƙa daga Ƙofar Marusa, Katsina:

Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce. Mahaifiyarmu ta haura shekara 70, tana fama da ciwon gwiwa, kuma watan jiya santsi ya kwashe ta a makewayin ɗakinta. Allah ya taƙaita, targaɗe ne kawai a hannu. Makewayin mita 2 ne tsawo, mita ɗaya da rabi faɗi. Tayil ɗinsa tun na zamanin marigayi mahaifinmu ne, wasu sun fashe, ruwa na kwanciya a tsakiya, bangon da ke tsakaninsa da ɗakin kwananta kuma kullum a jiƙe yake, fenti na ɓarewa har da rani. Na ɗauki adashe naira 300,000 na ce zan gyara mata, na kira masu aiki uku. Ɗan Kawunmu, wanda sana'arsa ke nan, ya ce da 170,000 zai gama komai, zai ɗora sabo a kan tsoho ba sai an fasa ba. Na biyu ya ce 310,000, zai fasa tsohon ya sa sabo. Na uku ya ce 460,000, wai sai an canza fayif, an sake daɓe, an sa masai na zama, tayil kuma har silin. Yayanmu da ke Kaduna ya ce a ɗauki na ukun, a sa tayil ɗan waje mai ƙyalli, zai turo ciko, amma har yau shiru. Kawu kuwa ya riga ya ji labari, yana ta sa albarka wai ɗansa zai yi wa Hajiya aiki. Wa ke neman cutata a cikin ukun nan? Kuma in na hana ɗan Kawu aikin, da wane ido zan dubi Kawu?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya kiyaye na gaba, ke kuma ya mayar miki da ninkin abin da za ki kashe.

Na karanta wasiƙarki ban ga macuci ba. Mutum uku na gani da aka nuna wa makewayi ɗaya, kowa ya lissafa aikin da ke kansa: ɗaya zai rufe, ɗaya zai fasa ya rufe, ɗaya zai fasa ya tona ya gyara sannan ya rufe, har da ƙari. Tunda ba abu ɗaya suke sayar miki ba, jera kuɗinsu a ce wannan ya yi araha wancan ya cika tsada aikin banza ne. Sai kin fara sanin abin da makewayin yake buƙata, kin rubuta shi, kin miƙa wa kowannensu takarda iri ɗaya, sannan za ki san mai tsada da mai sauƙi.

Ciwon makewayin kuwa ke da kanki kin faɗe shi, a inda kika ce bangon na jiƙe har da rani. Ruwan sama a Katsina kan ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, daga nan hunturu ya shigo ya busar da komai, har leɓen mutum. Bangon da ya kai Fabrairu da Maris da laima a jikinsa ba damina ce ta jiƙa shi ba, daga cikin gida ake shayar da shi kullum. Ko dai akwai fayif a cikin bangon da ke tsiyaya, ko kuma ruwan wankan da ke kwanciya shi ne ke bi ta fasassun tayil da tsagar da ke tsakaninsu, ya ratsa daɓe, bulo ya tsotse shi ya hau da shi sama. Sau da yawa ma duka biyun ne. Ki duba inda fentin ke ɓarewa, za ki ga wani farin gari yana fitowa. Gishirin da ke cikin siminti da yashi ne, ruwa ke fito da shi, in ya bushe ya bar shi a fuskar bango.

Gane wanne ne ba ya cin ko sisi. In gidan na da tanki a sama, a cika shi da yamma, a zura sanda a auna inda ruwan ya tsaya, a rufe duk famfunan gida, kar kowa ya taɓa har asuba. In ya sauka, akwai inda yake zuba. Sannan Hajiya ta koma wanka a wani makewayin na kwana goma. Bango ya fara bushewa, ruwan wanka ne. Ya tsaya yadda yake, fayif ne. In kuwa fayif ɗin ƙarfe aka binne tun ginin farko, ni ba zan ma jira gwaji ba, domin tsatsa daga ciki take cinsa, kuma ba a fasa bango a ga irinsa a sake rufe shi. A duk inda Hajiya za ta yi wanka a tsakanin nan, yau ɗin nan ki sa mata kujerar roba mai ƙarfi, da tabarmar roba mai ramuka a ƙasa, da ƙwan lantarki mai haske ko fitila mai caji. Wannan karon hannu ne, amma ƙashin ƙugu shi ne abin tsoro ga tsoho in ya faɗi, don yakan kwantar da mutum watanni.

Ɗora tayil a kan tayil da ɗan Kawu ya ce ba ƙarya ba ce, ana yi, kuma yana zama idan tsohon na nan daram, babu fashe babu laima, aka kuma yi aiki da gam ɗin tayil mai zuwa a buhu, don kwaɓin siminti da yashi ba ya kama fuskar tayil mai sulɓi. Makewayin Hajiya bai cika sharaɗi ko ɗaya ba. Ki ɗauki makulli ki bi tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya kina ƙwanƙwasawa. Wanda ya kama zai ba ki sauti a dunƙule, wanda ya saki zai yi amo, kin ji babu komai a bayansa. Duk sabon da aka ɗora a kan wanda ya saki, tare za su taso. Ga kuma maganar tudu: tayil da gam za su ɗaga ƙasan da santimita ɗaya ko fiye, alhali makewayi so ake ya yi ƙasa da ɗaki. In ya zo daidai da shi, ruwan wanka zai miƙe ya shige ƙarƙashin ledar ɗakin Hajiya, ƙofa kuma ta riƙa gogar ƙasa sai an datse gindinta. Kwarin da ruwa ke kwanciya yana nan bai je ko'ina ba. Abin da ya fi duka muni, fayif mai tsiyaya ya ƙara nisa, ranar da dole ta sa a nemo shi tayil hawa biyu za a fasa, 170,000 ɗin sun bi ruwa. An ce araha ba ta ado, to a nan ba adon ma ke damuna ba.

Na biyu zai fasa, wannan daidai ne, amma bai ce komai a kan fayif da daɓe ba, kuma irin wannan farashin ne ke girma a tsakiyar aiki. Ranar da aka fasa aka ga ruwa zai kira ki kina aji ya ce Malama sai kin zo kin gani da idonki, ke kuma ba ki da bakin musu, makewayi a wargaje, Hajiya na jira. Na uku shi ya ga ciwon. Laifinsa kawai ya zuba dole da son rai a lissafi ɗaya, ya ba ki jimla. Aikinki yanzu ki raba su.

Dole ita ce abin da ba za a ƙara gani ba bayan an gama. A fasa tsohon tayil har a kai ga bulo da kankare, a kwashe ɓaraguzan. Falamba ya sa sabon fayif na roba, irin koren nan da ake haɗa bakinsa da zafi, ya toshe bakunan, a sako ruwa daga tanki a bar shi kwana da yini a buɗe, kowa ya ga babu ɗigo a mahaɗa, sannan a yi filasta. Wanda ya ce miki ba sai an jira ba, gaggawar zuwa wani aikin yake. Daga nan sabon daɓe mai gangara zuwa magudana, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, wato a tsawon mita 2 ɗin nan gefen ƙofa ya fi bakin magudana tudu da santimita 2 zuwa 4. Magudanar ta zama mai riƙe ɗan ruwa a wuyanta, shi ke hana warin sokawe da kyankyasai dawowa ciki. Sai maganin hana ruwa ratsawa da ake shafawa a kan daɓe, shafi biyu, a hau da shi bango kamar ƙafa ɗaya ko'ina, a lungun da ake wanka kuma har sama da kan mutum. Mutane da yawa na ganin tayil shi ke tsare ruwa. Fuskarsa na tsarewa, amma tsagar da ke tsakani da kusurwoyi ba sa tsarewa, abin da ke ƙarƙashi shi ne mai gadin. In shafin ya bushe a toshe magudana, a zuba ruwa ya kai rabin ɗan yatsa, a bar shi ya kwana, da safe a duba bangon ta ɗakin Hajiya. A duk kasafin, nan ne ba zan yarda ki rage ko naira ɗaya ba.

Inda za a rage shi ne bango, kuma ga lissafin ki riƙe a hannu kafin kowa ya lissafa miki. Ƙasan makewayin murabba'in mita 3 ne. Kewayen bangon mita 7. In silin ɗin mita 3 ne, ƙafa 10 a bakin magina, tayil har sama zai ci murabba'in mita 21, a cire ƙofa da 'yar taga a bar kamar 19. Tayil ɗin bango da aka fi sawa mai santimita 25 da 40 ne, guda 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya, wato guda 190, a ƙara kashi 10 cikin 100 na yanka da fashewa, kusan 210 ke nan. Amma in aka tsayar da shi a tsaye aka jera layi 5, ya kai mita 2, daidai kan ƙofa, kuma babu wanda za a yanka ta sama. Mita 7 sau 2 sun ba da 14, a cire ƙofa a bar 12 da 'yan kai, guda 140 sun isa har da rara. Kin ga guda 70 sun fita daga lissafi, da simintinsu da ladan liƙa su, kusan kashi ɗaya cikin uku na bangon. Saman da ya rage a yi masa filasta mai kyau da fentin mai. Hajiya da bokiti da kofi take wanka, ruwanta ba ya kai wa silin.

Ki riƙa tambayar mai shago guda nawa ke cikin kwali, da murabba'in mita nawa yake rufewa, yana rubuce a jikin kwalin. Kwali da kwali ba ɗaya ba ne. Na 60 da 60 mai guda 4 mita 1.44 kawai yake rufewa, don haka wanda ya fi arha a kwali yana iya fin tsada a mita.

Tayil ɗin ƙasa kuwa, shi ne dalilin aikin gaba ɗaya, a nan ki ɓata lokaci. Ki tafi shago da gorar ruwa da ɗan guntun sabulu a jaka. Ki ce a ajiye miki samfur a ƙasa, ki jiƙa shi, ki goga sabulu, ki danna tafin hannunki ki tura. Wanda hannunki ya zame a kansa, ƙafar Hajiya ma za ta zame, komai kyansa. Ki nemi mai kaushi marar ƙyalli. Mai shago zai ce miki mai kaushi na riƙe datti, gaskiya ne, buroshi ke maganinsa. Ki ɗauki ƙanana, 30 da 30, guda 38 sun ishe ki har da rara. Manyan nan na 60 da 60 na falo ne: a ɗan makewayi ba sa bin gangara sai an yi ta yanka su, ƙananan kuwa suna kwanciya yadda daɓe ya kwanta, kuma yawan tsagar da ke tsakaninsu na taimaka wa ƙafa ta kama. Kar ki yarda a ce ragowar tayil ɗin bango a ƙarasa ƙasa da shi, ya fi siriri kuma sulɓi gare shi. Tunda mita 3 kawai kike nema, ki tambayi masu shago ko suna da ragowar kwali biyu ko uku na wani samfurin da ya ƙare. Irin wannan ba ya isar mai babban gini, sun ƙosa su rabu da shi, a nan ake samun mai kyau da sauƙi.

Ɗan waje da Yaya ke so, na Sifen da Italiya, da dala ake shigo da shi, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, ya yi nisa da aljihun mai albashi. Siminti ma a farkon 2024 sai da buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Shi ya sa farashin da maƙwabciya ta ce ta yi nata da shi shekara uku da suka wuce ba abin dogaro ba ne, na shago a makon da za ki saya shi ne farashi. Ana yin tayil a Najeriya, akwai masana'antu a jihar Ogun da Ajaokuta ta jihar Kogi, kuma mai lamba ɗaya a cikinsu ya ishi makewayi. Abin lura shi ne kar a haɗa miki da mai lamba biyu. Ki zaro guda biyu daga kwali ki haɗa su fuska da fuska, in suna rawa ko haske na ratsa tsakaninsu, a karkace suke. A buɗe kowane kwali a gabanki a shago, don abin da ya fashe bayan ya hau Keke Napep naki ne. Ki duba lambar launi a jikin kwalayen ta zama iri ɗaya, saboda samfur ɗaya da aka gasa a lokuta daban yakan bambanta, ba a gani sai ya hau bango. Za a ce miki ki je Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, ya fi sauƙi. Ga mai gina gida sukutum haka ne. Ga mai neman abin da bai kai mita 20 ba, tafiyar kusan kilomita 170 da kuɗin mota da dako da fashewar hanya sun cinye ribar, kuma ranar da guda biyar suka gaza sai kin sake komawa. Ki saya a nan cikin gari, inda za ki iya mayar da kwalin da ba a buɗe ba in kun yi da mai shago tun farko.

Ladan mai tayil, ko a mita ya lissafa ko jinga kuka yi, kar ki yi mamaki in ya fi na falo tsada a mita. Ɗan makewayi duk yanka ne da kusurwa da huda wurin famfo, mutum na durƙushe a wurin da ba ya iya juyawa. Abin da za ki nema shi ne kowane abu a layinsa: fasa da kwashe ɓaraguzai, falamba da kayansa, siminti buhu nawa, yashi, maganin ruwa, tayil ɗin bango, na ƙasa, farin simintin cike tsaga, dako, lada. Har ruwan kwaɓi ki sa, in daga 'yan garuwa kuke saya. Ƙananan nan da ba a rubutawa su ne ke cinye albashin wata mai zuwa.

Masai na zama, kafin ki saya ki tambayi mai shi. Ga mai ciwon gwiwa rahama ne, amma akwai iyayenmu da ba sa samun natsuwar tsarki a kansa, a sa musu da tsada su koma na tsakar gida. In ta yarda, a sa mata ɗan famfo a gefen dama inda hannunta zai kai ta cika buta ba tare da ta miƙe ba, kuma in za a juya mazauninsa a lura da alƙibla, don ita za ta lura. Ki kuma auna ruwa: na zamani na zubar da kamar lita 6 a kowane ja, jarka mai lita 25 ja huɗu ke nan. Unguwar da ruwan famfo na madatsar Ajiwa ba kullum yake zuwa ba, wannan kuɗi ne na kowace rana. Ko ta yarda ko ba ta yarda ba, ƙarfen riƙewa guda biyu dole ne, ɗaya gefen masai ɗaya wurin wanka, daidai ƙugunta, a kafe su cikin bulo da dogayen kusoshi. A kira ta ta tsaya ta nuna inda hannunta ke kaiwa kafin a huda. Ɗan dakalin zama a lungun wanka ma bulo kaɗan ne, ya fi mata amfani a kan layi uku na tayil a saman kai.

Sai maganar Kawu, wadda na san ita ta fi hana ki barci. Kar ki bi ta wajensa, kar kuma ki aiki wani. Ki kira ɗan nasa ku shiga makewayin tare, ki nuna masa bangon. Ina kyautata zaton abin da ya sa ya ce a ɗora: aljihunki ya duba, ya san albashin malamin firamare, ya nemo hanyar da za ta fi miki sauƙi, wataƙila ma ya yafe rabin ladansa don aikin Gwaggonsa ne. Ki gode masa a kan haka da zuciya ɗaya. Sannan ki ce masa, "Ɗan'uwa, laimar nan ta tsorata ni, na yanke sai an fasa an ga abin da ke ciki. Ga abin da nake so a yi, ka lissafa mini ladanka a kai cikakke, kar ka rage don ni. Kaya ni zan saya, kai za ka raka ni." Cikakken ladan nan kariya ce gare ki. Wanda ya yi miki alfarma ba ki da bakin ce masa ya ɓamɓare layi ya sake, kuma aikin alfarma shi ake jinginewa ranar da mai biya ya kira.

Ki kuma roƙe shi ya kai ki wani makewayin da ya yi wanda ya shekara biyu ana wanka a ciki. Hoton waya ba ya nuna gangara. Ki zuba bokiti ɗaya a ƙasa ki tsaya ki ga inda ruwan zai nufa. In ya tafi magudana bai bar kududdufi ba, ɗan Kawu gwani ne, ki ba shi tayil ɗin duka, ki ɗauko falamba daban, ba wanda zai ji haushi tunda famfo sana'a ce mai zaman kanta. In ruwan ya tsaya yana kallonki, ki ba shi fasa da bango, daɓe da tayil ɗin ƙasa kuma su tafi hannun na ukun, da hujjar da ba ƙarya a cikinta: wanda ya fitar da gangara shi ya kamata ya shimfiɗa ƙasa, don in an samu matsala a san wanda za a kama. Ko ta wace hanya hannun ɗansa na cikin aikin 'yar'uwarsa, abin da Kawu ke so ya ji ke nan. Duk abin da kuka yi ku rubuta a takarda, aiki da kuɗi da ranar gamawa, kowa ya riƙe kwafi. In ya ce haba, har da ni, ki tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma tsakanin Musulmi 'yan'uwa take magana.

Yaya kuwa, kuɗin da bai shigo ba ba a sa shi a kasafi. Ki tsara aikinki a kan abin da ke hannunki, a cikinsa ma ki ware 40,000 ki manta da su, don ba a taɓa fasa tsohon makewayi ba a tarar da abin da ba a zata ba. Ki ɗauki hoton takardar lissafin ki tura masa ta WhatsApp, ki ce Yaya ga abin da zan iya, masai na zama da kayansa da sabuwar ƙofa na bar maka, ranar kaza falamba zai shiga. Mutum ya fi saurin biyan abu mai suna da rana a kan ciko marar iyaka. In ya turo, madalla. In bai turo ba, a gyara mazaunin masan yadda za a iya sa na zaman daga baya ba tare da fasa ba. Mai ƙyallin da yake so kuma, ki ce masa a bango an ji, a ƙasa a'a, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wani abu kuma da ba ki tambaya ba: in gidan nan na gado ne da ba a raba ba, ki faɗa wa 'yan'uwanki a fili ko kyauta kika yi wa Hajiya ko kuɗi ne da za a lissafa, ki adana rasit. Yanzu maganar minti biyu ce, bayan shekara goma tana iya zama ta zaure.

In an lissafa dolen nan aka ga 260,000 ba za su kai har tayil ɗin bango ba, kar ki ci bashi, kar kuma ki rage ta ƙasa. A yi fayif, daɓe, maganin ruwa, tayil ɗin ƙasa da layi ɗaya ko biyu a gindin bango, sauran a bar shi da filasta mai sulɓi da fentin mai. Ɗauka ta gaba a ƙarasa, a sa launin da ya bambanta da gangan don kar a wahala neman irin na farko.

Kuɗin lada kashi uku za ki raba shi: kafin alƙalami, sai na tsakiya bayan gwajin ruwan da ya kwana, sai ciko in an gama kin duba. Kar ki fara aikin ana saura mako biyu Sallah, lokacin kowane mai tayil na riƙe da gida uku. Ki sa mako ɗaya zuwa kwana goma a ranki, don daɓe na son kwanaki ana yayyafa masa ruwa, musamman a zafin Maris da Afrilu da ke ƙona siminti kafin ya kama. Ranar liƙawa ki samu wani ya tsaya in kina makaranta. Tayil irin na gama-gari, wanda in an ɗiga ruwa a bayansa yake shanyewa, sai an jiƙa shi a baho kafin a liƙa da siminti, in ba haka ba ya tsotse ruwan kwaɓin ya saki daga baya. Wanda ruwa ke tsayawa a bayansa kuwa gam yake so. A lura kuma da masu ɗiga kwaɓi guri biyar a bayan tayil su manna don tsimin siminti, bayansa duka ake cikewa. A bar tsaga ta milimita 2 zuwa 3 tsakani, a cike ta sosai, kar a taka sai ya kwana, kar a yi wanka sai bayan kwana uku.

Kafin ki miƙa cikon ƙarshe, ki sake ɗauko makullin nan ki bi sabon tayil ɗin kina ƙwanƙwasawa, duk wanda ya yi amo a cire a sake. Ki zuba bokiti biyu daga bakin ƙofa, ki dawo bayan minti biyar ki ga ko akwai inda ya tsaya. Ki rataya nauyinki duka a jikin ƙarafunan riƙewar. Ragowar tayil, ko guda goma ne, kar a bar wa yara ko a bai wa mai aiki, a ɗaure su a kwali a ajiye, don samfur na ɓacewa a kasuwa. Ki kuma gargaɗi masu wanke wa Hajiya makewayi su daina zuba asid, yana cinye farin simintin tsagar, omo da buroshi sun isa.